Sharhi Kan Ƙarafan da Ake Sarrafa Iskar Kabon da Su ta Hanyar Lantarki

A shekarun nan, kusan duk bayan 'yan watanni sai an ji a rediyo ko an karanta a jarida cewa masana a wata jami'a ta Amurka ko Sin ko Jamus sun gano hanyar mayar da hayaƙin masana'antu man fetur, kuma da yake labarin yakan zo a taƙaice, babu sharaɗi babu togiya, sai masu sauraro su rabu gida biyu, wasu su ɗauka an gama da matsalar ɗumamar duniya, wasu kuwa su ce ai zance ne kawai na masu neman kuɗin bincike. Dukansu sun yi gaggawar yanke hukunci. Aikin haƙiƙa ne, ana kansa a ɗakunan gwaji shekara arba'in ke nan ko fiye, amma yana da ƙa'idodi da iyakoki, kuma mafi yawan mas'alar ta rataya ne a kan wani abu da labaran ba su cika ambato ba, wato irin ƙarfen da aka tsoma a cikin ruwa domin ya yi aikin.

Ma'anar kalmomi

Iskar da ake magana a kanta ita ce kabon-dayoksaid, wadda muke fitarwa idan mun yi numfashi, wadda kuma take tashi duk inda aka ƙona itace ko gawayi ko kwal ko fetur. Kowane ƙulli nata ya haɗa zarra ɗaya ta kabon, wato sinadarin da gawayi ya ƙunsa, da zarra biyu na oksijin. Wajibi ne a bambanta ta da 'yar'uwarta kabon-monoksaid, mai zarra ɗaya ta oksijin, domin wannan ta biyun ita ce gubar da take halaka mutanen da suka kwana da janareto ko kaskon gawayi a ɗaki rufe, kuma za ta yi ta fitowa a cikin wannan bayani, saboda a masana'anta tana da daraja babba. Idan aka ce iskar ta narke a ruwa kuwa, ba wani abu ake nufi ba face abin da kowa yake gani a lemon kwalba: kumfan da yake tasowa idan an buɗe murfi iskar ce da aka matsa a cikin ruwan take neman hanyar fita.

Ilektirod suna ne da Michael Faraday, masanin Ingila, ya shigar cikin ilimi a 1834, ma'anarsa hanyar lantarki, kuma a aikace faranti ne ko sanda da ake tsomawa a ruwa mai gishiri, a haɗa shi da tushen wuta. Kullum biyu ne. Ɗaya ana ce masa katod, shi ne yake zuba ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da gudanarsu ita ce wutar lantarki, a kan duk abin da ya taɓa shi. Ɗayan ana ce masa anod, shi kuma karɓewa yake yi. A nan ne wani ruɗani yake shigowa, domin kalmar da masana kimiyyar sinadarai suke kiran aikin katod da ita ma'anarta ta zahiri ragewa ce, har masu fassara sukan ce ana rage iskar kabon, mai sauraro ya fahimci ana rage yawanta a sararin samaniya, alhali a isɗilahin masanan abin da ake nufi shi ne a ɗora wa ƙullin iskar ilektiron, a zare masa oksijin ko a maƙala masa haidirojin, har ya rikiɗa ya zama wani sinadari dabam. Katalis kuwa shi ne duk abin da yake sauƙaƙa irin wannan rikiɗa ba tare da shi kansa ya ƙare ba, kamar dillalin da ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya koma ya jira na gaba. Fuskar katod ita ce dillalin a wannan kasuwa.

Asalin neman da wahalarsa

Kafin zamanin injuna, a cikin kowane kaso miliyan na iskar duniya kimanin kaso 280 ne kabon-dayoksaid. Lokacin da Charles Keeling ya soma auna ta a kan dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958 ta kai wajen 315, yanzu kuwa ta haura 420, kuma ƙona kwal da mai da gas yana ƙara fiye da tan biliyan 35 a kowace shekara. Ganin haka, da kuma ganin yadda wutar hasken rana da ta iska suka yi araha, sai tunani ya zo cewa in an samu rarar wuta mai tsabta, a yi amfani da ita a juyar da iskar ta koma sinadaran da yau ake tatsowa daga ɗanyen mai.

Sai dai akwai wata ƙa'ida ta ɗabi'a da babu dabarar da take kauce mata. Kabon-dayoksaid tamkar toka ce, abin da ya saura bayan wuta ta cinye ƙarfin makamashi, saboda haka duk wanda yake so ya mayar da ita makamashi tilas ne ya zuba mata aƙalla gwargwadon ƙarfin da ta saki lokacin ƙonewa, a aikace ma fiye da haka nesa. Wannan sana'a dai hanya ce ta ajiye wutar lantarki a cikin sinadari, kuma ba ta haifar da ƙarfi ko kaɗan daga kanta. Ban da wannan, ƙullin iskar miƙaƙƙe ne, natsattse, ba ya son karɓar ilektiron na farko sai an tanƙwara shi, kuma in babu fuskar da za ta riƙe shi ta taimaka, wannan mataki na farko kaɗai yana neman kusan bolt 1.9. Ga kuma kishiya a gefe: ruwan da iskar ta narke a ciki shi ma yana karɓar ilektiron ya ba da haidirojin, kuma ƙarfin wutar da ake bukata ga ayyukan biyu ya yi kusa ƙwarai, ta yadda idan ƙarfen bai dace ba, sai wutar duka ta tafi ga tsaga ruwa, iskar kabon ta wuce ko taɓa ta ba a yi ba.

Rabon da Hori ya yi wa ƙarafa

Tun a ƙarni na 19 an lura cewa lantarki yana iya mayar da wannan iska wani tsami da ake kira fomik, wanda sunansa ya samo asali daga kalmar Latin ta tururuwa, saboda a jikinta aka fara samunsa. Amma wanda ya ɗora wa mas'alar tsari shi ne Yoshio Hori na Jami'ar Chiba a Japan, wanda tun daga 1985 shi da abokan aikinsa suka bi ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, suna tsoma kowanne a ruwan gishirin bikabonet da aka ƙosar da iskar, suna auna duk abin da ya fito, na iska da na ruwa, har lissafin wutar da ta shiga ya yi daidai da abin da aka samu. Wannan haƙuri na cika lissafi shi ne ya sa aikinsa ya zama madogara har yau.

Abin da ya bayyana shi ne ƙarafan sun kasu kashi huɗu. Dalma da zaiba da kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a tsaunukan Jos, da wasu makamantansu kamar indiyum da kadmiyum, suna ba da tsamin fomik, wanda majema na zamani suke aiki da shi a kan fata, manoman Turai kuma suke adana ciyawar dabbobi da shi. Zinariya da azurfa da tutiya suna ba da kabon-monoksaid. Baƙin ƙarfe da nikel da filatinum da titaniyum kusan haidirojin zalla suke fitarwa. Kashi na huɗu kuwa ƙarfe ɗaya ne tak a cikinsa, wato jan ƙarfe, wanda wasu suke ce wa jan gaci, irin wanda ake yin wayar wuta da shi, domin shi kaɗai ne a cikin tsarkakan ƙarafa yake iya wuce kabon-monoksaid ya kai ga metan, babban abin da gas ɗin ƙarƙashin ƙasa ya ƙunsa, da etilin, wanda daga gare shi ake yin leda da robobi, da itanol.

Dalilin wannan rabo ba ɓoyayye ba ne, kuma yana komawa ga wata ƙa'ida da ake jingina wa Paul Sabatier, Bafaranshen da ya samu kyautar Nobel a 1912, cewa katalis nagari shi ne wanda riƙonsa ya tsaya tsaka-tsaki. Matakin farko a kan mafi yawan ƙarafan nan shi ne kabon-monoksaid ya samu a manne da fuskar farantin. Zinariya da azurfa riƙonsu sako-sako ne, da zarar ya samu sai ya kuɓuce ya tashi sama, shi ya sa a nan aikinsu yake tsayawa. Filatinum da nikel suna damƙe shi su ƙi saki, har ya lulluɓe fuskarsu ya toshe ta, babu abin da zai iya ratsawa sai haidirojin. Jan ƙarfe ne yake riƙe shi gwargwadon da zai zauna ya jira ƙarin ilektiron, ko ya haɗu da ɗan'uwansa na kusa su ƙulla kabon da kabon, sa'an nan ya sake shi. Masu alkimiyya na dā sun ƙarar da rayuwarsu suna neman mayar da jan ƙarfe zinariya, ga shi a wannan babi abin da jan ƙarfe yake yi ya gagari zinariya.

Jan ƙarfe da halinsa

Da jan ƙarfe yana ba da abu ɗaya tsantsa, da tuni an wuce wurin. Amma a 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Thomas Jaramillo, suka ƙidaya sinadarai 16 mabambanta suna fitowa daga faranti guda, kuma duk wanda ya san harkar masana'anta ya san cewa tace cakuɗe irin wannan, musamman ɗan itanol da ya ɓace a cikin ruwa mai yawa, yana iya cin kuɗi da makamashi fiye da darajar abin da ake nema. Shi kansa Hori ya nuna cewa ko a jikin jan ƙarfe ɗaya, yadda zarrori suka jeru a fuskar yana canja sakamako: inda suka jeru murabba'i etilin ya fi fitowa, inda suka cunkushe a jerin kusurwa uku kuwa metan ya fi rinjaye. Daga nan ne aka shiga sana'ar sassaƙa fuskar ƙarfe a ma'aunin da ido ba ya gani. Matthew Kanan, shi ma na Stanford, ya nuna a 2012 cewa idan aka bar jan ƙarfe ya yi tsatsa mai kauri, sa'an nan aka mayar da tsatsar ƙarfe da lantarki, fuskar da take fitowa mai kaushi da tsage-tsage tana aiki da ƙarancin wuta fiye da sumul ɗin faranti. Har yau akwai saɓani kan dalilin haka, wasu suna cewa ragowar oksijin ce da ta maƙale a ƙarƙashin fuskar, wasu suna cewa iyakokin da ƙananan ƙwayoyin ƙarfen suka haɗu ne suke aikin, wasu kuma suna cewa kaushin ne kawai yake canja yanayin ruwan da ke dab da farantin. Abin da ya tsawaita jayayyar shi ne fuskar jan ƙarfe ba ta zama wuri ɗaya yayin da wuta take gudana, zarrorinta suna ƙaura suna sāke jeri, ta yadda abin da aka auna kafin gwaji da bayansa ba lalle ne ya zama shi ne ya yi aikin ba.

Akwai kuma wani cikas da Jens Nørskov da almajiransa suka bayyana ta hanyar lissafin kwamfuta wajen 2010 zuwa 2012, cewa ƙarfin da fuska take riƙe kabon-monoksaid da shi yana tafiya tare da ƙarfin da take riƙe abin da yake biyo bayansa, saboda dukansu ta zarrar kabon suke mannewa, don haka ba a iya sassauta ɗaya a ƙarfafa ɗaya ta canja ƙarfe kawai. Wannan ne ya tura masu bincike ga gauraya ƙarafa, kamar jan ƙarfe da azurfa, da kuma wata dabara mai ban sha'awa: a ɗauki zarrori ɗaiɗai na nikel a dasa su a cikin shimfiɗar kabon, kowace a kewaye da naitirojin, sai ga nikel ɗin da a dunƙule haidirojin kawai yake bayarwa ya koma yana ba da kabon-monoksaid kusan zalla. A 2019 kuma masu bincike a Jami'ar Yale suka nuna cewa wani sinadarin kobalt, ɗan dangin rini, idan aka shimfiɗa shi a kan siraran bututun kabon yana iya kai wa ga metanol.

Ya kamata a faɗi wani abu game da tsabta, domin ya ɓatar da mutane da yawa. An daɗe ana cewa jan ƙarfe yana gajiya cikin ɗan lokaci saboda wani baƙin abu da yake haifarwa da kansa, sai Hori ya nuna a 2005 cewa ɗan ɓurɓushin baƙin ƙarfe da tutiya da ke cikin gishirin da aka narkar shi ne yake sauka a fuskar farantin ya lalata ta. Haka nan an sha yin da'awar samun metanol ko wani sinadari, daga baya wasu su kasa maimaitawa, shi ya sa yanzu masu tahƙiƙi ba sa karɓar irin wannan da'awa sai an yi gwajin da iskar da aka yi wa alama da nau'in kabon mai nauyi 13, an ga alamar ta fito a cikin abin da aka samu.

Mas'alar ruwan

Ko da an samu ƙarfe mafi dacewa, ruwa ba ya ɗaukar iskar da yawa. A zafin ɗaki da matsin iska na yau da kullum, lita guda ba ta narkar da fiye da giram ɗaya da rabi ko kusa da haka, kuma wadda ta narke tana tafiya a hankali zuwa farantin, saboda haka farantin da aka nutsar yakan cinye ta kusa da shi ya zauna da yunwa, gudun wutar ya tsaya a 'yan gomomin miliampiya a kan kowane santimita murabba'i, alhali masana'anta ba ta kallon abin da bai kai 200 ba. Maganin da aka aro daga wasu na'urori shi ne a yi farantin da wani abu mai ƙananan huji wanda ba ya jiƙa, a shafa ƙarfen a fuska ɗaya da ke kallon ruwa, a hura iskar ta baya, ta yadda ba sai ta yi doguwar tafiya a cikin ruwa ba. Da irin wannan tsari ne ƙungiyar Edward Sargent a Jami'ar Toronto ta ba da rahoto a 2018 cewa kashi 70 cikin 100 na wutar ya tafi ga etilin, na tsawon awa 150.

Amma wannan nasara a ruwa mai kaifin toka aka same ta, irin wanda masana suke kira alkali, kalmar da Turawa suka aro daga Larabci mai nufin tokar tsirrai, kuma irin wannan ruwa yana shan iskar kabon da kansa ya mayar da ita gishirin kabonet, ɗan'uwan kanwa. Ko da ba a fara da ruwan toka ba, katod ɗin yana haifar da kaifin a gefensa gwargwadon ilektiron da ya zuba. Lissafin yana da nauyi: wajen yin kabon-monoksaid, duk ƙulli ɗaya da ya rikiɗa ɗaya yana salwanta a matsayin gishiri, wajen yin etilin kuwa biyu ne suke rikiɗa shida su salwanta, wato kashi ɗaya bisa huɗu kawai ake mora. Gishirin kuma yakan daskare fari fat a cikin hujin farantin ya toshe hanyar iska, ruwa ya malalo, aiki ya tsaya. Kanan da abokin aikinsa sun yi gargaɗi a 2020 cewa makomar fannin duka ta dogara ga warware wannan. Wasu sun koma ruwa mai tsami, suna ƙara gishirin fotashiyam domin ya danne haidirojin; wasu sun raba aikin biyu, a fara yin kabon-monoksaid, wanda ba ya zama gishiri, sa'an nan a ba jan ƙarfe shi; Curtis Berlinguette na Jami'ar British Columbia a Kanada kuwa ya bi ta wata fuska, yana ɗura ruwan bikabonet ɗin da aka kama iskar da shi kai tsaye cikin na'urar, a saki iskar a dab da farantin, domin a huta da dafa ruwan don fitar da ita.

Saɓanin ra'ayi da abin da za a iya tsammani

Masu kyautata zato suna kafa hujja da cewa ko an daina ƙona fetur a motoci, duniya za ta ci gaba da bukatar kabon domin roba da magunguna da man jirgin sama, kuma gara a samo shi daga hayaƙi da a haƙo shi daga ƙasa. Suna nuna aikin haɗin gwiwa na kamfanonin Siemens da Evonik a Jamus, inda farantin azurfa yake ba da kabon-monoksaid, ƙwayoyin bakteriya su ci su fitar da sinadarai masu tsada, da kamfanin Twelve na Kalifoniya da ya yi man jirgin sama na gwaji ta wannan hanya a 2021. Masu taka-tsantsan kuwa lissafin wuta suke gabatarwa, kuma lissafi ne da ya kamata mai karatu ya riƙe. Ƙullin kabon-monoksaid da na etilin nauyinsu ɗaya, amma na farko ilektiron 2 yake bukata, na biyu 12. A na'urar da take aiki a bolt 3, ko da babu ilektiron ɗaya da ya ɓace, kilo guda na kabon-monoksaid zai ci kusan yunit 6 na wuta, kilo guda na etilin kuwa kusan yunit 35, kuma wannan kilo bai ɗaure fiye da kilo 3 da 'yan kai na iskar kabon ba. Tashar kwal tana fitar da kusan kilo guda a kan kowane yunit, saboda haka wanda ya yi etilin da wutar kwal ya saki ninkin abin da ya kama kusan sau goma. Suna ƙarawa da cewa muddin akwai tashoshin kwal a kunne, duk yunit na wutar rana ya fi amfani idan aka kashe kwal da shi, kuma akwai tsohuwar hanya ta tsaga ruwa a samu haidirojin a haɗa shi da iskar da zafi, wadda ta fi wannan balaga.

A ganina hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi a kan batun gyara yanayin duniya, ta ɓangaren farko kuwa tana da ƙarfi a kan batun masana'anta, kuma kabon-monoksaid a kan azurfa da tsamin fomik a kan kuza ko ƙarfen bismut su ne suka fi kusa da kasuwa, domin ilektiron biyu-biyu suke ci kuma suna fitowa kusan zalla, ko da yake kasuwar tsamin fomik ƙarama ce, ba ta wuce kimanin tan miliyan guda a shekara ba. Bai kamata kuma a manta da anod ba, wanda a ruwa mai tsami yakan bukaci iridiyum, ƙarfen da duniya duka ba ta haƙo tan 10 nasa a shekara, mafi yawa daga Afirka ta Kudu. Sai kuma juriya, wadda ita ce tambayar farko da mai zuba jari zai yi: na'urorin da suke tsaga ruwan gishiri domin yin kulorin suna shekaru suna aiki kafin a canja farantansu, farantin azurfar da masu binciken Siemens suka gwada ya haura awa 1,000, na jan ƙarfe kuwa mafi yawan rahotanninsu a ɗaruruwan awoyi suke tsayawa, alhali shekara ɗaya ta aiki dare da rana awa 8,760 ce.